Gwagwarmaya da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu: abin da aka ci, da abin da ya gagara

Wanda ya ji labarin Afirka ta Kudu sama-sama zai ɗauka a miƙe yake: Turawa 'yan tsiraru sun danne baƙar fata, Nelson Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fito, aka yi zaɓe a 1994, magana ta ƙare. Amma waɗanda suka yi gwagwarmayar sun haura shekara 80 suna gwada wannan dabara su koma waccan, kuma akasarin dabarun ba su biya buƙata ba a lokacin da aka gwada su. Kai koke bai yi ba. Karya doka da gangan bai sa an soke dokar ba. Bindiga kuwa ko ƙauye guda ba ta ƙwato ba. To me ya yi aiki, kuma me ya sa nasarar ta tsaya a inda ta tsaya?

A ganina amsar tana cikin yadda aka gina tsarin kansa. Akwai ɓangaren da ba ya tafiya sai baƙar fata ya ba da haɗin kai kowace safiya: ya ɗauki takardar izininsa, ya shiga ramin zinariya, ya biya kuɗin haya, ya yi sayayya a kantin Bature. Akwai kuma ɓangaren da tuni aka gama aka rufe: gonar da aka ƙwace, unguwar da aka rushe, hannun jarin kamfanonin ma'adinai. Na farko ana iya durƙusar da shi idan mutane suka ce sun ƙi. Na biyu yana kwance a takardun mallaka, ƙin yarda ba ya taɓa shi.

Ƙwacen ƙasar ma ya girmi mulkin wariya na hukuma. A 1913, shekara guda bayan kafa ƙungiyar neman haƙƙin baƙar fata da daga baya ta zama ANC, majalisar Turawa ta yi dokar da ta keɓe wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, aka ƙara zuwa kimanin kashi 13 a 1936. Shugabannin ƙungiyar na lokacin, malaman makaranta da limaman coci da lauyoyi, suka tura wakilai Landan a 1914 su kai kuka. Aka saurare su, aka sallame su. Da jam'iyyar National ta D.F. Malan ta ci zaɓe a 1948, sai ta ɗora a kan wannan tubali: an haramta aure tsakanin jinsi a 1949, a 1950 aka yi wa kowa rajistar launinsa aka kuma raba unguwanni, a 1952 aka tsananta dokar takardar izinin zirga-zirga wadda jama'a ke kira dompas, a 1953 aka fito da ilimi na musamman ga baƙar fata wanda manufarsa ita ce ya shirya yaro ya zama lebura.

Matasan ANC irin su Mandela da Walter Sisulu da Oliver Tambo suka ce lokacin rubuta wasiƙa ya wuce. A watan Yunin 1952, tare da ƙungiyar Indiyawan ƙasar, suka fara kamfe na karya doka a fili: mutum ya shiga tashar jirgin ƙasa ta ƙofar Turawa, ko ya fita da dare ba takarda, ya tsaya a kama shi. An kama sama da mutum 8,000, kuma 'yan ANC suka ƙaru zuwa kusan 100,000. Sai dai ko doka ɗaya ba a soke ba. Gwamnati ma sabuwar doka ta yi a 1953, wadda ta tanadi ɗauri da tara da bulala ga duk wanda ya karya doka da niyyar nuna adawa. Mata kimanin 20,000 da suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria ranar 9 ga Agustan 1956, ƙarƙashin Lilian Ngoyi da Helen Joseph da Rahima Moosa da Sophia Williams, sun bar tarihi, har yau ranar hutu ce a ƙasar. Amma takardar da suka je ƙi sai da aka ɗora wa mata.

Abubuwa biyu da suka faru a gefen Johannesburg a waɗannan shekarun sun fi komai nuna inda ƙarfi yake. Sophiatown na ɗaya daga cikin 'yan unguwannin da baƙar fata ke da gidan kansa da takardarsa, cibiyar mawaƙa da marubuta. ANC ta sha alwashin ba inda za a je. A watan Fabrairun 1955 'yan sanda kimanin 2,000 suka iso da manyan motoci tun da asuba, aka fara kwashe mutane zuwa Meadowlands. Cikin 'yan shekaru an baje unguwar, an gina wa Turawa sabuwa a wurin, aka raɗa mata suna Triomf, wato nasara. Bayan shekara biyu, a 1957, kamfanin bas ya ƙara kwabo ɗaya kacal a kuɗin mota daga Alexandra zuwa cikin gari. Jama'a suka ce ba za su hau ba. Dubban ma'aikata suka riƙa taka sayyada, kusan kilomita 15 zuwa, 15 dawowa, har wajen wata uku. Ma'aikaci ya iso a makare, a gajiye, aiki ya ragu, masu masana'antu suka fara ƙorafi. A ƙarshe aka koma tsohon farashi, aka ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata cike giɓin. Mutane iri ɗaya, gwamnati ɗaya, jarumtaka ɗaya. Bambancin shi ne a Sophiatown gwamnati ba ta buƙatar komai daga mazauna sai su tashi, a Alexandra kuwa garin gaba ɗaya yana jiran su iso wurin aiki.

Ranar 21 ga Maris 1960, a zanga-zangar da PAC ta Robert Sobukwe, ƙungiyar da ta ɓalle daga ANC, ta kira, 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville suka kashe mutum 69, da dama a baya aka harbe su. Cikin makonni aka haramta ANC da PAC. Duniya ta yi ca, kuma a taron ƙasashe renon Ingila na Maris 1961, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin masu matsa lamba, Firayim Minista Hendrik Verwoerd ya janye ƙasarsa daga ƙungiyar. A gida kuwa, Mandela da abokansa suka kafa rundunar Umkhonto we Sizwe, suka fara zagon ƙasa ranar 16 ga Disamban 1961. Ba ta yi nisa ba. An kama Mandela a 1962, aka kai samame gonar Liliesleaf da ke Rivonia a Yulin 1963 aka kwashe sauran shugabannin da takardunsu, aka yanke musu ɗaurin rai da rai a Yunin 1964.

Shekaru goma da suka biyo baya su ne mafi muni, kuma ba a cika son tuna su ba. Jarin waje da ya gudu bayan Sharpeville ya dawo, tattalin arziki ya bunƙasa, gwamnati ta samu sararin yin abin da ta ga dama. A 1966 aka ayyana District Six na Cape Town a matsayin unguwar Turawa, aka kori sama da mutum 60,000. An ƙiyasta cewa tsakanin 1960 da 1983 an tayar da kimanin mutum miliyan 3.5 da ƙarfi. A wannan shirun ne Imam Abdullah Haron, limamin wani masallaci a Claremont mai taimaka wa iyalan waɗanda aka tsare, ya rasu a hannun 'yan sanda a Satumban 1969 bayan kwana 123 a tsare. Suka ce daga bene ya faɗo. Sai a 2023 wata kotu ta sake duba lamarin ta ce azabtarwa ce ta kashe shi.

Abin da ya karya shirun bai fito daga gudun hijira ba, bai kuma fito daga kurkukun tsibirin Robben da aka ɗaure su Mandela ba. A Janairun 1973 leburorin wani kamfanin bulo a Durban suka ajiye aiki saboda ƙarancin albashi, yajin ya bazu daga masana'anta zuwa masana'anta har ya haɗa da dubun-dubatar ma'aikata. Sun koyi darasi: suka ƙi fitar da shugabanni, don kada a samu wanda za a kama. Bunƙasar da gwamnati ke taƙama da ita ce ta zame mata matsala, domin masana'antu yanzu suna buƙatar mai sarrafa inji, wanda ba a korarsa yau a samu madadinsa gobe. A 1979 dole ta sa aka amince da ƙungiyoyin ƙwadago na baƙar fata. Daga nan aka samu ƙungiyar mahaƙa ta NUM a 1982 ƙarƙashin Cyril Ramaphosa, sannan haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta COSATU a 1985.

Tsakanin nan kuma ga Soweto. Ranar 16 ga Yunin 1976 'yan makaranta suka fito don ƙin a koyar da su lissafi da wasu darussa da harshen Afrikaans, yaren Turawan da ke riƙe da mulki. Yawancinsu sun taso da tunanin Steve Biko, wanda ya nace cewa sai baƙar fata ya fara cire ƙasƙanci daga zuciyarsa. Aka harbe yara, ciki har da Hector Pieterson mai shekara 12. Alƙaluman hukuma kansu sun ce mutum 575 suka mutu a tarzomar da ta biyo baya. An janye umarnin harshen, amma tsarin ilimin yana nan daram. Biko ya mutu a tsare a Satumban 1977, kuma bayan wata biyu Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta takunkumin sayar wa ƙasar makamai.

Nan ne Najeriya ta shigo da ƙarfinta, kuma muna da abin faɗa. An kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka a 1976, ana yankar wani abu daga albashin ma'aikata. An ƙaurace wa gasar Olympics ta Montreal a wannan shekara. Thabo Mbeki, wanda daga baya ya zama shugaban Afirka ta Kudu, ya zauna a Legas a matsayin wakilin ANC, gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin BP a 1979, kuma Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar. Wannan duk ya taimaka wajen raya ANC a lokacin da ba ta da tudun dafawa, ya kuma mai da gwamnatin Pretoria saniyar ware. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba shi ya girgiza ta ba, don ba wurinmu take cin bashi ba.

Yaƙin bindiga fa? Dubban matasan da suka tsallaka iyaka bayan Soweto sun farfaɗo da Umkhonto. An kai hari matatun mai na Sasol a 1980, da tashar nukiliya ta Koeberg a 1982, kuma bam ɗin da aka tayar a titin Church na Pretoria a 1983 ya kashe mutum 19. Amfanin waɗannan hare-hare a zukata ne, yaron Soweto ya ji cewa akwai masu rama masa. Ta fuskar soja ba su kai ko'ina ba. Rundunar gwamnati ta fi kowace ƙarfi a yankin, kuma ta riƙa dukan maƙwabta har Mozambik ta sa hannu a yarjejeniyar Nkomati a 1984 ta rage wa ANC wurin zama. A sansanonin Angola mayaƙa suka yi bore a 1984, aka tsare wasu a kurkukun Quatro aka gana musu azaba, abin da kwamitocin binciken da ANC ta kafa da kanta suka tabbatar daga baya.

Juyin gaske ya zo ne lokacin da shugaban gwamnati P.W. Botha ya yi ƙoƙarin gyara tsarin ba tare da ya sake shi ba. Ya ƙirƙiro majalisa mai zaure uku, na Turawa da na ruwa-biyu da na Indiyawa, ya bar baƙar fata a waje, ya ce su wadatu da kansilolin unguwanninsu. Waɗannan kansiloli kuwa ba su da kuɗin shiga sai na haya da na giya. Ɗaruruwan ƙungiyoyi na coci da masallaci da ɗalibai da mazauna unguwa suka haɗu suka kafa gamayyar UDF a Agustan 1983, kuma mafi yawan waɗanda aka ba ƙuri'ar sabuwar majalisar suka ƙi fita. Da aka ƙara kuɗin haya a yankin Vaal a Satumban 1984, wuta ta tashi. Jama'a suka daina biyan haya, kansiloli suka riƙa yin murabus, a Port Elizabeth aka ƙaurace wa kantunan Turawa a 1985 har 'yan kasuwa da kansu suka shiga roƙon gwamnati ta saurari mutane. Darasin Alexandra ne, amma a faɗin ƙasa.

Wannan zamani yana da nasa baƙin tabo. Wanda aka zarga da kai rahoto ga 'yan sanda, sai a rataya masa taya a wuya a zuba fetur a cinna wuta, sau da yawa ba wata hujja sai jita-jita. Desmond Tutu ya taɓa kutsawa cikin taro ya ceci wani da hannunsa. Taken da ke cewa a samu 'yanci tukuna kafin ilimi ya bar dubban yara ba karatu, su ne kuma suka girma suka tarar da 'yancin ba su da takardar neman aiki.

Duk da haka boren bai kayar da gwamnati ba. Dokar ta-ɓacin 1985 da ta 1986 sun sa an tsare dubun-dubatar mutane, aka ɗaure wa UDF hannu a 1988. Yajin aikin mahaƙa na 1987, mafi girma a tarihin ƙasar zuwa lokacin, ya ƙare bayan mako uku da korar dubun-dubatar ma'aikata. Abin da boren ya yi shi ne ya sa mulkin ya yi tsada. A Yulin 1985 bankin Chase Manhattan ya ƙi sabunta wa ƙasar basussukanta na gajeren zango. A Agusta Botha ya yi jawabin da duniya ta zuba ido tana jiran sauyi, ya ɓuge da nuna yatsa. Sauran bankuna suka bi sahu, darajar rand ta faɗi, gwamnati ta dakatar da biyan wani ɓangare na bashinta. Bankunan nan ba tausayi ya motsa su ba, sun ga hayaƙi a talabijin ne suka ji wa kuɗinsu tsoro. A Satumba manyan 'yan kasuwa ƙarƙashin Gavin Relly na Anglo American suka tashi takanas zuwa Zambiya su gana da Tambo, shugaban ANC da ke gudun hijira. A 1986 aka soke dokar dompas, wadda mutane sun riga sun kashe ta da ƙafafunsu ta hanyar kwarara birane. A shekarar ce kuma majalisar Amurka ta kafa takunkumi duk da Reagan ya hau kujerar na-ƙi. Takunkumin kasuwanci yana da ƙofofi da yawa, man fetur bai daina shiga ta bayan fage ba. Na bashi ne ya ciji.

Sauran ya zo daga waje. Bayan gumurzun da sojojin Afirka ta Kudu suka yi da na Angola da Kyuba a garin Cuito Cuanavale na Angola, aka yi yarjejeniyar 1988 da ta kai ga 'yancin Namibiya. Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, gwamnati ta rasa hujjarta ta cewa kwaminisanci take yaƙa, ANC kuma ta rasa mai ba ta makamai. Kare jini, biri jini. Sabon shugaban ƙasa F.W. de Klerk ya lissafa cewa gara ya yi ciniki tun yana da ƙarfi, ya halatta su ANC da PAC ranar 2 ga Fabrairun 1990, aka saki Mandela ranar 11.

Wanda bai ci yaƙi ba ba ya shimfiɗa sharaɗi yadda ya so, kuma yarjejeniyar ta nuna haka. Shekaru huɗun tattaunawar sun fi na baya zubar da jini: kimanin mutum 14,000 suka mutu, akasari a rikicin ANC da Inkatha, jam'iyyar da akasarin magoya bayanta Zulu ne, wadda aka bankaɗo a 1991 cewa 'yan sanda na ba ta kuɗi a ɓoye. An yi kisan kiyashi a unguwar Boipatong a 1992, aka harbe jigon ANC Chris Hani a Afrilun 1993. De Klerk ya so a ba 'yan tsiraru ikon hana ruwa gudu na dindindin, bai samu ba, kuma wannan babbar nasara ce: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, ƙasa ɗaya, aka rushe yankunan ƙabilu goma da aka ƙirƙira. ANC ta samu kashi 62.6 a zaɓen 27 ga Afrilun 1994. Abin da ta bayar shi ne tabbacin aiki da fansho ga ma'aikatan tsohuwar gwamnati, gwamnatin haɗin gwiwa ta wucin gadi, afuwa, da kariya ga dukiyar da ke hannun mai ita. Kundin 'Yanci da aka amince da shi a Kliptown a 1955 ya ce za a raba ƙasa ga masu nomanta, ma'adinai da bankuna su koma hannun jama'a. Kafin a kai ga zaɓe an jingine wannan magana.

Masu cewa Mandela ya sayar da gwagwarmaya suna magana ne kamar yana da rundunar da za ta shiga Pretoria. Ba shi da ita. Kuma ba ƙaramin abu aka samu ba: tsarin mulkin 1996, kotunan da suka iya ɗaure tsohon shugaban ƙasa, miliyoyin gidaje, wutar lantarki da ruwa a unguwannin da ba su taɓa gani ba, tallafin wata-wata ga tsofaffi da yara. Amma ɓangare na biyun nan yana nan kusan yadda aka bar shi. An yi alkawarin mayar da kashi 30 na gonakin Turawa cikin shekara 5, aka yi ta ɗaga wa'adin ba a cim ma ba. Binciken gwamnati na 2017 ya nuna kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na Turawa ne, alhali ba su kai kashi 10 na jama'a ba. Babbar hanya ce kawai ta raba Alexandra da Sandton, unguwar da ta fi ko'ina kuɗi a ƙasar. Rashin aikin yi ya haura kashi 30, kuma Bankin Duniya na sa ƙasar a sahun gaba wajen tazara tsakanin mai shi da mara shi. Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Tutu ta karɓi buƙatun afuwa sama da 7,000 ta amince da 849, amma waɗanda aka hana afuwar kaɗan ne ƙwarai suka ga kotu, waɗanda aka zalunta kuma aka sallame su da rand 30,000 kowanne.

Ba duka za a ɗora wa yarjejeniyar 1994 ba. Wawurar dukiyar gwamnati a zamanin Shugaba Jacob Zuma, wadda kwamitin Zondo ya tona, ba Verwoerd ya yi ta ba. A Marikana, ranar 16 ga Agustan 2012, 'yan sandan gwamnatin ANC ne suka harbe mahaƙa 34 masu yajin aiki, kuma Ramaphosa, tsohon jagoran mahaƙa, yana cikin daraktocin kamfanin a lokacin. Fushin talakan da bai ga canji ba yakan sauka a kan wanda ya fi kusa, shi ya sa aka kashe mutum 62 a hare-haren ƙin baƙi na 2008, aka kuma kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya a 2019. A zaɓen 2024 ANC ta faɗo zuwa kashi 40, dole ta shiga gwamnatin haɗaka da DA, jam'iyyar da mafi yawan Turawa ke zaɓa.

A Janairun 2025 Ramaphosa, a matsayinsa na shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnati damar karɓar fili, a wasu 'yan yanayi ba tare da diyya ba. DA, abokiyar mulkinsa, ta garzaya kotu. Cikin makonni Donald Trump ya dakatar da tallafin Amurka ga ƙasar, ya kuma buɗe wa Turawa 'yan Afrikaner ƙofar neman mafaka, rukunin farko suka sauka a Amurka a watan Mayu.